Ƙwallon kwando: kafin a yaba makin yaro, a tambaya da wa ya buga, da wa ya kara

A kakar wasa ta 2022-2023, Bilal Coulibaly, matashi ɗan shekara 18 a ƙungiyar Metropolitans 92 da ke gefen birnin Paris, ya buga gasa biyu a lokaci guda. A gasar matasa ƴan ƙasa da shekara 21, wadda Faransawa ke kira Espoirs, yana cin maki kusan 22 a kowane wasa. A babbar gasar ƙwararru ta Faransa kuwa, cikin rigar wannan ƙungiya dai, maki 5 ne rabonsa a wasa. Tsayin kwandon bai canza ba, mita 3.05 ne a wurare biyun, kuma hannun da ke jifa shi ne dai wannan hannu. A watan Yuni na 2023 aka ɗauke shi na bakwai a zaɓen sabbin ƴan wasa na NBA a Amurka, kuma abin da ya ɗaga darajarsa a idon ƙungiyoyin shi ne yadda ya tsaya cikin manya, inda makinsa ba su taka kara sun karya ba.

Wannan shi ne abin da ke rikita duk mai karanta alƙaluman matasa. Takardar da ake fitarwa bayan wasa tana ɗauke da sunan mutum ɗaya a kowane layi: maki kaza, rebon kaza (wato cafke ƙwallon da ta buga kwando ta dawo), fas kaza mai haifar da maki. Sai mai karatu ya ɗauka dukkan wannan aikin na mai sunan ne shi kaɗai. Alhali mutum goma ne a fili. Huɗu suna tare da shi, biyar suna gaba da shi, kuma kowannensu yana da hannu a cikin lambar da aka rubuta gaban sunansa.

Maganar ta wuce musun majalisa a kan wa ya fi wa. A kan irin waɗannan lambobi ne ake ba yaro bursi a makarantar waje ko a hana shi, ake kiransa cibiyar horo ko a manta da shi, kuma a kansu ne ƙungiyoyin NBA ke zuba miliyoyin daloli a kan ɗan shekara 19.

Ƙwallo ɗaya ce, baki biyar

A wasa mai minti 40, kowace ƙungiya tana samun damar kai hari sau 70 ko kusa da haka. Ƙwallo ɗaya ce, kuma kowane hari mutum ɗaya ne ke ƙarasa shi: ya jefa, ko a yi masa ƙeta ya je layin jifan kyauta, ko ƙwallon ta kuɓuce masa. In aka raba daidai, kowane ɗan wasa yana da kashi 20 cikin 100, wato hari 14. To amma ba a rabawa daidai. Yaron da ya fi kowa a ƙungiya mai rauni yakan ɗauki kashi ɗaya cikin uku na hare-haren, don babu wanda zai miƙa wa. Wanda ya faɗa cikin gwanaye kuwa dole ya jira rabonsa. Tun kafin a yi maganar iyawa, na farko ya riga ya fi na biyu yawan jifa kusan ninki biyu.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na jami'ar Kentucky a kakar 2014-2015. Mai horarwa John Calipari ya tara matasa gwanaye har sun yi masa yawa, sai ya raba su gida biyu, biyar su shiga biyar su fita. Ƙungiyar ta ci wasa 38 a jere kafin Wisconsin ta kayar da ita a wasan kusa da na ƙarshe. Amma in aka duba takardar maki, babu wanda ya wuce 11 a wasa. Karl-Anthony Towns yana da 10.3 a cikin minti 21. Devin Booker yana da 10, kuma ko sau ɗaya bai fara wasa cikin biyar na farko ba, daga benci yake tasowa. Wanda ya fi su maki, Aaron Harrison, babu ƙungiyar NBA da ta zaɓe shi a shekarar. Towns ne aka ɗauka na ɗaya, Booker na 13. A watan Maris na 2017, Booker yana da shekara 20, ya zuba wa Boston maki 70 a wasa ɗaya. Wanda ya yi hukunci da maki 10 na Kentucky da ya ce yaron ɗan taimako ne kawai.

Victor Wembanyama, wanda masu kallon tele a Yamai da Maraɗi suka fi sani, shi ma ya bi ta nan. A kakar 2021-2022 yana ASVEL, ƙungiyar Tony Parker, cike da ƙwararru masu buga gasar Turai. Ana ba shi minti 18 a wasa, yana cin maki 9.4, ga raunukan da suka hana shi wasanni da dama. Da ya koma Metropolitans 92, inda Vincent Collet ya gina wasan gaba ɗaya a kansa, sai ya koma minti 32 da maki 21.6, ya zama gwarzon gasar. Gaskiya ne ya ƙara girma da ƙwarewa a shekara ɗayan. Amma a yi lissafi mai sauƙi: da an ba shi minti 32 a ASVEL da irin yadda yake ci a lokacin, da ya kai maki 16. Kenan fiye da rabin ƙarin da aka gani daga yawan minti ya fito, sauran kuma ya rabu tsakanin ci gabansa da yawan ƙwallon da ake ba shi.

Sai dai abokan wasa suna ƙwace abu da hannun dama, su mayar da wani da hannun hagu. Nan ne lissafin ya fi daɗi, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Gwanayen abokai suna rage yawan jifan yaro, amma suna gyara masa irin jifan da yake samu. In akwai wanda abokan hamayya ke tsoro a gefe, masu tsaro biyu za su bi shi, sai yaron ya samu kansa shi kaɗai babu mai tare shi. In akwai masu jifa daga nesa, tsaron zai baje, hanyar zuwa kwando ta buɗe. In akwai mai rarraba ƙwallo na ƙwarai, ƙwallon za ta iso hannu a daidai lokaci, a daidai wuri. Wanda ke cikin raunana kuwa, kullum mutum biyu ne a kansa, kuma shi ake jefa wa ƙwallo in saura daƙiƙa uku agogon hari ya cika, ya yi yadda zai yi. Dean Oliver, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara nazarin wannan wasa da lissafi, ya yi bayanin hakan a littafinsa Basketball on Paper: yayin da kason hare-haren da ɗan wasa ke ɗauka ya ƙaru, yawan abin da yake samu a kowane hari yakan ragu.

Anthony Edwards ya buga kakar 2019-2020 a jami'ar Georgia, ƙungiyar da ta ci 16 aka ci ta 16. Yana da maki 19, amma jifa 40 kawai ke shiga cikin 100, a jifa mai maki uku kuma 29. A takarda, wannan mai ɓarnar ƙwallo ne. Minnesota ta ɗauke shi na ɗaya duk da haka, don masu sa ido sun ga irin wuyar jifan da ake tilasta masa, kuma lokaci ya ba su gaskiya.

Khaman Maluach, ɗan Sudan ta Kudu mai tsayin mita 2.18, ya nuna fuskokin biyu cikin shekara ɗaya. Ya fito daga makarantar NBA da ke Saly a Senegal, kuma a 2024, yana da shekara 17, ya buga gasar BAL ta Afirka da City Oilers ta Kampala. Can shi ne ginshiƙi: maki 17.5 da rebon 13.5 a wasa, ƙungiyar kuma ba ta tsallake rukuninta ba. Ƴan watanni bayan haka ya isa jami'ar Duke, ya tarar da Cooper Flagg da Kon Knueppel. Makinsa suka sauka zuwa 8.6, rebon zuwa 6.6. Amma jifa 71 cikin 100 ke shiga, domin aikinsa ya koma tsayawa kusa da kwando ya karɓi ƙwallon da aka ɗaga masa ya dangwara. Shin ya lalace ne da makinsa suka ragu da rabi? Ko ya ƙware ne da jifansa suka daina faɗuwa? Babu ɗaya daga cikin lambobin biyu da ke amsa wannan ita kaɗai. An ɗauke shi na goma a zaɓen 2025.

Sauran alƙaluman ma haka suke. Fas ba ya shiga lissafi sai wanda aka ba ya jefa ta shiga. Yaro zai iya buɗe wa abokinsa hanya sau goma, abokin ya zubar da takwas, takarda ta rubuta masa biyu. Rebon kuwa, kusan uku cikin huɗu na ƙwallayen da suka dawo suna faɗawa hannun masu tsaro ne ko ta yaya, saboda haka dogaye biyu a ƙungiya ɗaya junansu suke ci wa rabo. Dogo guda cikin gajeru kuma komai nasa ne. Lissafin da aka saba da shi a Faransa da ƙasashen da ke bin tsarinta, wanda ake kira ebaluwasiyo, yana tara maki da rebon da fas da ƙwace da tarewa, ya cire jifan da suka faɗi da ƙwallayen da aka zubar. Yana da sauƙin karantawa, shi ya sa jaridu ke son sa. Amma duk abin da ya tara, an riga an ga yadda abokan wasa suka taɓa shi.

Mutum biyar na ɗaya ɓangaren

Abokan wasa suna ja ta fuska biyu masu karo da juna. Abokan hamayya kuwa fuska ɗaya suke ja: in suna da rauni komai ya hau, in suna da ƙarfi komai ya sauka.

Ranar 20 ga Nuwamba 2012, Jack Taylor na kwalejin Grinnell ya ci maki 138 a wasa ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba a gasar jami'o'in Amurka. Labarin ya zagaya duniya. Abin da ba kowa ya karanta ba shi ne, Grinnell tana rukuni na uku ne, ta kara da wata ƙaramar makarantar koyon addini mai suna Faith Baptist Bible, kuma Taylor ya yi jifa 108, guda 52 suka shiga, abokansa suna ta miƙa masa da gangan. An tashi 179 da 104. Bai taɓa taka filin NBA ba, kuma babu wanda ya san wasan da ya yi mamakin haka.

Ko a rukuni na ɗaya, jami'o'i sun haura 350, kuma tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa babba ce. A watannin Nuwamba da Disamba manyan jami'o'i sukan biya ƙanana kuɗi su zo gidansu a buga, yawanci a lallasa su. Daga Janairu ne kowa ke komawa cikin sa'o'insa. Saboda haka matsakaicin maki na kaka guda yana haɗa wasannin da ba su da alaƙa da juna. Trae Young na Oklahoma ya yi fas 22 a wasa ɗaya da Northwestern State a Disamba 2017, ƙungiyarsa ta fara da nasara 14 cikin wasa 16. Da aka shiga tsakiyar gasar Big 12, masu horarwa suka zauna suka kalli bidiyonsa, suka riƙa tura masa mutum biyu tun daga tsakiyar fili. Oklahoma ta ƙare da nasara 18 da faɗuwa 14. Young ya fi kowa maki da fas a ƙasar a wannan kaka, amma rabin farko da rabin ƙarshe kamar na mutum biyu ne.

Jimmer Fredette ya isa misali shi kaɗai. Maki 28.9 a jami'ar BYU a 2010-2011, mafi yawa a ƙasar. A NBA, kimanin 6. A gasar Sin da Shanghai Sharks, kimanin 37, har da wasan da ya ci 75. Hannunsa bai taɓa mantuwa ba. Abin da ya canza shi ne tsayi da saurin wanda ke gabansa, da kuma yawan ƙwallon da ake yarda ya riƙe.

Akasin haka ya faru a 2018, kuma har yau ana yi wa ƙungiyoyi biyu gori a kansa. Luka Dončić yana da shekara 19, ya ci kofin EuroLeague da Real Madrid, aka ba shi gwarzon gasar. Makinsa 16 ne a wasa. Deandre Ayton yana da 20 a Arizona, Marvin Bagley yana da 21 a Duke, kowannensu da rebon 11. Phoenix ta ɗauki Ayton, Sacramento ta ɗauki Bagley, Dončić ya zo na uku. Akwai wasu dalilai a cikin wannan zaɓe, kamar tsayi da tsalle da buƙatar kowace ƙungiya. Amma maki 16 ɗin nan an ci su ne a kan magidanta ƴan shekara 28 da 30, waɗanda wasu daga cikinsu sun buga NBA sun dawo, a gasar da ba a cika sakin maki ba. Na Ayton da Bagley an ci su a kan ɗalibai. Shekararsa ta farko a Dallas, Dončić ya ci 21.2, wato ya fi abin da yake ci a Turai, a gasar da ta fi ƙarfi. Wasan NBA minti 48 ne, harin ya fi yawa, fili ya fi buɗewa, kuma ƙwallon tana hannunsa.

Wani lokaci matakin gasar yana ƙasa har lambar ta rasa ma'ana gaba ɗaya. Giannis Antetokounmpo, ɗan ƴan Najeriya da aka haifa a Atina, yana buga rukuni na biyu na Girka da Filathlitikos a 2012-2013, maki 9.5 a wasa. Babu wanda zai iya cewa ga abin da 9.5 na can zai zama a NBA. Milwaukee ta ɗauke shi na 15 bisa abin da ido ya gani, tsawon hannu da gudu da riƙon ƙwallo. Ya zama gwarzon NBA a 2019 da 2020.

Daren da Curry bai ci ko ɗaya ba

Ƙarfin abokin hamayya wani abu ne, shawarar da ya yanke kuma wani abu ne daban. Ranar 25 ga Nuwamba 2008, Stephen Curry na ƙaramar kwalejin Davidson, wanda ya fi kowa cin maki a ƙasar a lokacin, ya kara da Loyola ta Maryland. Mai horar da Loyola, Jimmy Patsos, ya sa mutum biyu su manne masa duk inda ya je, ko ƙwallo na hannunsa ko babu. Da Curry ya ga haka sai ya tafi kusurwar fili ya tsaya, masu gadinsa biyu suka tsaya tare da shi. Abokansa huɗu suka yi ta wasa da mutum uku. Ya yi jifa uku kacal, bai ci ko maki ɗaya ba. Davidson ta ci 78 da 48.

A takardar wannan dare, layin Curry sifili ne, layin abokansa kuma ya cika. Amma duk wanda ya kalli wasan ya san mai tsayuwa a kusurwa ne ya ba su makin. Irin wannan yana faruwa a kowane wasa, a ƙaramin sikeli, ba tare da kowa ya lura ba: mai tsaro ya matsa taki ɗaya wajen wanda yake tsoro, wani ya samu hanya.

Curry ɗin ne kuma ya nuna yadda ake warware shakkar. An yi ta cewa Davidson tana gasa mai rauni, makinsa na araha ne. Sai dai a gasar ƙasa ta watan Maris 2008 ya ci Gonzaga 40, Georgetown 30, Wisconsin 33, ya ci Kansas 25 a wasan da aka fitar da su da tazarar maki biyu, Kansas ɗin da ta je ta ɗauki kofin. Waɗannan wasanni huɗu sun fi sauran talatin faɗin gaskiya a kansa. Duk da haka mutum shida aka ɗauka kafin shi a 2009.

Abin da masu sa ido ke dubawa

Masu farautar ƴan wasa sun daɗe da daina karanta maki a wasa kai tsaye. Abu na farko, suna mayar da komai kan ma'auni ɗaya, ko a kan minti 40 ko a kan hari 100, don wasan lise a Amurka minti 32 ne, na jami'a da na FIBA 40, na NBA 48, kuma wata ƙungiya gudu take wata kuma tafiyar hawainiya. Da wannan ma'auni, maki 10.3 na Towns sun koma kusan 20. Na biyu, suna ware wasannin da aka yi da manyan ƙungiyoyi su dube su daban. Ken Pomeroy, wanda asalinsa masanin yanayi ne, ya yi suna a Amurka da jadawalin da ke gyara alƙaluman kowace jami'a bisa ƙarfin waɗanda ta kara da su. Na uku, suna kwatanta yadda ƙungiya take in yaron yana fili da yadda take in yana benci, ko da yake wannan ma yana da tarko: wanda kullum tare yake shiga da gwarzon ƙungiya zai yi kyau ko bai yi komai ba.

Akwai lamba ɗaya da babu aboki ko abokin hamayya a cikinta, ita ce ta jifan kyauta. Layin yana nan inda yake, babu mai tarewa, babu mai ba da fas. Shi ya sa masu nazari ke dogara da ita wajen hasashen ko yaro zai iya jifa daga nesa nan gaba, har fiye da lambar jifa mai maki uku ɗin kanta, wadda ƴan jifa kaɗan a kaka guda kan iya ɗaga ta ko su kayar da ita. A 2017, Markelle Fultz yana da maki 23 a jami'ar Washington, wadda ta ci wasa 9 kawai cikin 31. Jifansa mai maki uku 41 cikin 100, na kyauta kuma 65. Jayson Tatum a Duke yana da ƙasa da maki 17, mai maki uku 34, na kyauta 85. An ɗauki Fultz na ɗaya, Tatum na uku. Ciwon kafaɗa ya shiga cikin labarin Fultz, don haka ba za a ɗora komai a kan wannan lamba ba. Amma Tatum ne ya zama mai jifan.

Sai shekaru, waɗanda a wasan matasa su ma wani nau'i ne na ƙarfin abokin hamayya. Ƴan Kamaru biyu sun isa a gwada. Joel Embiid ya ci maki 11.2 a Kansas yana ɗan shekara 19, kusa da Andrew Wiggins, a gasa mai zafi, kuma bai fi shekara uku da fara wasan ba. Pascal Siakam ya ci 20.3 da rebon 11.6 a New Mexico State, a gasa mai sauƙi, ya shiga zaɓe yana da shekara 22. An ɗauki Embiid na uku a 2014, Siakam na 27 a 2016. A kan Embiid lissafin ya yi daidai. A kan Siakam ragin da aka yi masa ya yi yawa, tunda ya ɗauki kofi da Toronto a 2019 yana cikin ginshiƙanta. Gyaran lamba hasashe ne, yakan wuce gona da iri ta kowane ɓangare.

A ƙasa da shekara 16 abin ya fi tsanani. Yaron da ya riga sa'o'insa girma da shekara ɗaya yana iya fin su da tsayin tafin hannu biyu, ya yi ta ɗebo ƙwallo daga saman kawunansu. In kuma shekarun da ke takarda ba su ne na gaskiya ba, matsalar da wasannin matasa suka daɗe suna fama da ita a wurare da yawa, to lambar ba ta auna komai sai bambancin ƙashi. Bayan shekara uku sauran sun kamo shi, shi kuma bai koyi jifa ko riƙon ƙwallo ba, don bai taɓa buƙatarsu ba.

Wannan ya shafi filayen Yamai, Damagaram, Tawa da Maraɗi kai tsaye. Yaron da ya ci maki 30 a gasar bakansi ta unguwa ya yi abin yabo, amma a garin makafi mai ido ɗaya sarki ne, kuma bidiyon minti biyu da ake turawa ta WhatsApp jifan da suka shiga kawai yake nunawa. Mai horarwa na waje da ya san aikinsa zai nemi cikakken wasa, daga farko har ƙarshe, ya ga tsayin masu tsaron, ya ga abin da yaron ke yi in ƙwallo ba ta hannunsa. Iyayen da wani ɗan tsakani ya zo musu da takardar maki yana neman kuɗin tafiya suna da haƙƙin yin waɗannan tambayoyi su ma. Ga yaron kansa kuma, minti goma a cikin manya, a ƙungiya irin Nigelec da ta wakilci Nijar a wasannin share fagen BAL, sun fi gaya masa matsayinsa fiye da kaka guda yana sarauta cikin ƙannensa.

Oumar Ballo na Mali ya ga matakan nan ɗaya bayan ɗaya. A 2019 yana cikin matasan Mali ƴan ƙasa da shekara 19 da suka kai wasan ƙarshe na kofin duniya a Girka, Amurka ta ci su 93 da 79, aka sa shi cikin biyar mafi ƙwazo na gasar. Da ya je Gonzaga, ƙungiyar da ba a ci ta ba sai a wasan ƙarshe na 2021, ya zauna bayan Drew Timme, yana samun ƴan mintoci, makinsa ba su kai 3 ba. Ya koma Arizona, kuma a kakar 2022-2023, da aka ba shi wurin, ya ci fiye da maki 14 da rebon 8 a wasa.